Mece Ce Salsalar Mallaka a Harkar Zane-zane?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki karatun hadisi ya san isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da tushe. Masu harkar tsofaffin zane-zane su ma suna da nasu. Turawa na ce masa furobenans, kalmar da suka aro daga Faransanci, ma'anarta inda abu ya fito. Ni na fi son in kira shi salsalar mallaka, wato jerin hannuwan da zane ya ratsa tun daga ranar da mai zanen ya ajiye burushi har zuwa bangon da yake rataye a yau.

Akwai wani zane da nake ƙauna wanda ke fito da ma'anar fili. Hoton Yarima Edward ne, ɗan Sarki Henry na Takwas na Ingila, wanda Bajamushen nan Hans Holbein ya zana da fentin mai a kan allon katako. An haifi yaron a watan Oktoban 1537, mahaifiyarsa ta rasu bai cika mako biyu ba a duniya. A hoton bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba, ga kumatu cike, ga jar riga mai hannu ruwan zinariya, ga hula da farin gashin tsuntsu. Ya ɗaga hannun dama kamar mai amsa gaisuwar talakawa, a hagu kuwa ya riƙe kacau-kacau na zinariya kamar sandar mulki. Jinjiri ne aka ɗora wa nauyin sarauta tun bai iya magana ba, kuma shekara goma sha biyar kacal ya yi a duniya.

Mafarin salsalar zanen ba ya da ƙura ko kaɗan. A kundin kyaututtukan sabuwar shekara na fadar, an rubuta cewa Holbein ya miƙa wa sarki hoton yarima ranar 1 ga Janairun 1539. Irin wannan shaida ita masu bincike ke nema ido rufe, domin magatakardan da ya rubuta ta ba ya da wata riba a cinikin da za a yi bayan ɗaruruwan shekaru.

Bayan shekara ɗari sai ga zanen a hannun Thomas Howard, basaraken Arundel, mutumin da ya shahara da tara zane-zane. Da Ingila ta doshi yaƙin basasa, kayansa suka ƙetara teku, bayan rasuwarsa a 1646 matarsa ta gada. Daga nan sawun ya ɗan dushe. Masana na ganin mai yiwuwa ya shiga hannun Sarki William na Uku na Ingila, kuma da wannan "mai yiwuwa" ɗin suke rubuta shi. A ganina nan ne darajar fannin take. Mai salsala na gaskiya ba ya cike giɓi da ƙage, yana barin tabbas a matsayin tabbas, zato a matsayin zato.

A ƙarni na 19 zanen yana wurin sarakunan Hanoba ta Jamus, waɗanda dama jini ɗaya ne da gidan sarautar Ingila. Ya bi gado daga uba zuwa ɗa, har dillalan zane suka sayar wa attajiri Andrew Mellon, sakataren baitulmalin Amurka, a 1925. A 1937 ya zama na al'ummar Amurka cikin kyautar Mellon, yanzu yana gidan zane-zane na ƙasa da ke Washington.

Da me ake haɗa wannan jeri? Da takardun ciniki, da wasiyya, da lissafin kayan gado, da kundin gwanjo. Sau da yawa ma ƙwararre juya zanen yake yi ya duba bayansa, inda tsohon hatimi, ko lambar da aka rubuta da alli, ko guntuwar takardar da wani dillali ya manna, ke faɗin inda ya kwana.

Amfanin salsala na farko shi ne raba na ainihi da jabu, shi ya sa zane mai tsabtatacciyar salsala ke tsada. Na biyu ya fi nauyi, wato gano kayan ƙwace. Zanen da ya sauya hannu a Turai tsakanin 1933 da 1945 ana binsa da idon tuhuma, saboda dukiyar da 'yan Nazi suka ƙwace daga Yahudawa. Da irin wannan binciken ne kuma aka bi sawun kayan tagullar masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, har Jamus ta dawo wa Najeriya da wasu a watan Disamban 2022.