Kofin Afirka: Yadda Ƙwallo da Siyasa Suka Tashi Tare

Yaushe aka fara gasar, kuma su wa suka buga?

A watan Fabrairun 1957 ne, a birnin Khartum na Sudan, daidai lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF. Ƙasashe huɗu aka tsara: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Uku kaɗai suka taka leda, domin Afirka ta Kudu ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare, sai aka cire ta. Masar ta lallasa Habasha da ci 4 da nema a wasan ƙarshe, kuma Ad-Diba ne ya zura dukkan huɗun.

Me ya sa ake danganta ƙwallo da neman 'yancin kai?

Saboda filin ƙwallo ne wurin da sabuwar ƙasa ke ganin tutarta ta tashi a idon duniya. Shugaban Ghana na wancan lokacin, Kwame Nkrumah, ya fahimci haka da wuri, ya tsaya wa tawagar ƙasarsa ta Black Stars, Ghana ta ɗauki kofin a 1963 da 1965.

Babban abin ya faru ne kan Kofin Duniya na 1966 a Ingila. FIFA ta ware wa Afirka da Asiya da Oshiyaniya gurbi ɗaya tak, su yi ta kokawa a kansa. Ƙasashen Afirka suka ga raini ne, suka ƙaurace wa wasannin share fage. Ƙauracewar ta yi tasiri: a 1970 Afirka ta samu nata gurbin, Maroko ta wakilce ta.

Najeriya fa?

Ta ɗauki kofin sau uku: 1980 a Legas, 1994 a Tunisiya, 2013 a Afirka ta Kudu. Amma a 1996 gwamnatin Abacha ta hana tawagar zuwa kare kambinta bayan rikici da mai masaukin baƙi Afirka ta Kudu kan rataye ɗan fafutukar Najeriya Ken Saro-Wiwa, CAF kuma ta dakatar da ita daga gasar 1998. Abin takaici ne, don lokacin ne 'yan wasanta ke kan ganiyarsu.

Don me ake yawan buga ta a watan Janairu, ana tsakiyar kakar Turai?

Damina ce. Yuni da Yuli ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya a yankunan gaɓar teku na yammaci da tsakiyar Afirka, filin ya jiƙe, ƙwallo ta ƙi gudu. Masar ta yi tata a bazarar 2019, amma ta Kamaru da ta Kwaddibuwa duk a Janairu aka fara su, a 2022 da 2024.