Koyon nazarin alƙaluma don gane yadda gari ke ja baya

Wace manhaja ya kamata in fara koya?

Excel ko Google Sheets sun ishe ka a farko. Ka iya tsara jadawali, ka tsince bayanan da aka maimaita, ka zana yadda adadi ke hawa da sauka shekara-shekara. In bayanan sun fi ƙarfin jadawali, sai ka koma R ko Python, yarukan rubuta wa kwamfuta umarni, su biyun kyauta ne. Gardamar wanne ya fi, ɓata lokaci ce kawai. Ɗauki ɗaya ka riƙe.

A ina ake samun alƙaluman?

Ƙidayar jama'a ita ce tushe. Sai kuma binciken jin ra'ayi da ake maimaitawa: General Social Survey na Amurka tun 1972, World Values Survey na ƙasashen duniya tun 1981, da Afrobarometer na ƙasashen Afirka tun 1999. Darajarsu ita ce tambaya ɗaya ake ta yi wa mutane shekara da shekaru, kamar ko ana iya yarda da yawancin mutane. Da zarar an sauya kalmomin tambaya, kwatanta amsar bara da ta bana ya zama ganganci.

To, yaya ake auna cewa al'umma ta lalace?

Nan ake yin ta. Babu wani adadi guda da ake kira "lalacewa". Dubi Detroit, birnin ƙera motoci a Amurka: a 1950 mutanensa sun haura miliyan 1.8, a 2020 kuwa 639,111 suka rage. Mai gaggawa zai ce yankin ya mutu. Amma in ka haɗa da unguwannin da ke kewaye da birnin, mutanen sun haura miliyan 4. Da yawa ba nisa suka yi ba, iyakar birni kawai suka tsallaka, suka tafi da harajinsu, sai makarantu da titunan birnin suka shiga halin ni-'yasu. Inda ka ja iyaka a taswira na iya sauya labarin gaba ɗaya. Shi ya sa ake tambayar su wa suka tafi, su wa suka zauna, shekarunsu nawa. Garin da matasansa suka watse ya bambanta da wanda haihuwa ta ragu a cikinsa, ko da adadin raguwar ɗaya ne.

Sai na ƙware a lissafi?

A'a, amma ka san bambancin matsakaicin adadi (a haɗa jimilla a raba daidai) da adadin da ya faɗo a tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba. Attajiri ɗaya ya shigo unguwar talakawa, matsakaicin kuɗin shiga zai yi tsalle alhali tukunyar kowa ba ta sauya ba, shi kuwa adadin tsakiya da ƙyar zai motsa.

In abubuwa biyu suna tafiya tare, ɗaya ne ya jawo ɗayan?

Ba lallai ba. Rufe masana'anta da raguwar aure na iya zuwa lokaci guda, amma wataƙila masu shirin auren ne suka yi ƙaura tun kafin a rufe ta. Sai ka nemo garin da ya yi kama da wannan, wanda masana'antarsa ke aiki har yanzu, ka ga yadda aure ya kasance a can.