Sauya Sheƙa: Wa Ke Rasa Kujera a Doka, Wa Ke Tsira?

Duk lokacin da aka karanta wasiƙar sauya sheƙa a zauren Majalisar Dokoki ta Ƙasa a nan Abuja, sai gardama ta kaure: kujerar ta mutum ce ko ta jam'iyya? Amsar ta danganta da irin kujerar.

Tushen maganar shi ne, Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai san ɗan takara mai zaman kansa ba. Sashe na 221 ya keɓe wa jam'iyyu kaɗai neman ƙuri'a, kuma tambarin jam'iyya ne mai zaɓe ke dangwala wa. Shi ya sa sashe na 68(1)(g) ya ce sanata ko ɗan majalisar wakilai da wata jam'iyya ta tsayar, idan ya koma wata kafin wa'adin majalisar ya ƙare, zai sauka daga kujerarsa. Sashe na 109(1)(g) ya maimaita wannan ga majalisun jihohi. Mu a Babban Birnin Tarayya ba mu da majalisar jiha, don haka sanatanmu ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu sashe na 68 ne ya hau kansu.

Sai dai an bar ƙofa biyu. Ta farko haɗewar jam'iyyu, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC a 2013. Wanda jam'iyyarsa ta shiga haɗakar bai yi laifi ba. Ta biyu rabuwar kai a cikin jam'iyya, kuma ta nan kowa ke sulalewa. Shi ya sa da wuya ka ji wasiƙar ficewa da ba ta ambaci "rikicin cikin gida" ba, ko da jam'iyyar tana zaune lafiya lau.

Kotun Ƙoli ta taƙaita wannan ƙofa a 2015, a shari'ar ɗan majalisar wakilai Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, wanda ya bar jam'iyyar Labour ya koma ACN yana kafa hujja da rikicin reshen jiharsa. Kotu ta ce ba kowane saɓani ake nufi ba. Dole ɓarakar ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa, har ta hana ta aiki. Faɗan shugaban jam'iyya na jiha da gwamna, ko 'yan mazaɓa sun dakatar da wani, duk bai isa ba. Abegunde ya rasa kujerar.

To me ya sa ake ta ficewa ba wanda ke sauka? Matsalar tana cikin sashe na 68(2). Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai ne zai ayyana kujera babu kowa, bayan an gabatar wa zauren hujja mai gamsarwa. Mafi yawan masu ƙaura kuwa jam'iyya mai mulki suke nufa, wato jam'iyyar mai riƙe da guduma. Wa zai kori baƙon da ya ƙara masa rinjaye? A 2014 ma Kakakin ne da kansa, Aminu Waziri Tambuwal, ya bar PDP zuwa APC, kuma ya ci gaba da jagorantar zauren har ƙarshen wa'adi. Abin da ya rage wa jam'iyyar da aka gudu aka bari shi ne Babbar Kotun Tarayya, daga nan ɗaukaka ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kuma sau da yawa shekara huɗun na cika kafin a kai ƙarshe.

Shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kuwa babu wani sashe da ya ɗaure su. An gwada wannan a 2007 bayan Atiku Abubakar, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya koma jam'iyyar AC. Kotun Ƙoli ta ce kujerarsa na nan daram, sai dai a bi hanyar tsigewa. A 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta sauke Gwamna David Umahi na Ebonyi saboda barin PDP, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin.

Mai zaɓe yana da kiranye, amma a kan 'yan majalisa kawai. Sashe na 69 na buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba, sannan INEC ta tantance sa hannun kafin a je ƙuri'ar raba gardama. A matakin tantancewar ne yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya ruguje a 2018.