Waiwaye: Hoton Mara Lafiya da Neman Mai Ba da Ɓargo

Rajistar masu ba da ɓargo daga kukan uwa ta samo asali. A 1974 Shirley Nolan ta kafa ta a Landan don nema wa ɗanta Anthony wanda ɓargonsa zai dace da nasa. Yaron ya rasu a 1979 ba a samu ba, amma rajistar tana nan tana ceton wasu. A Jamus ma ciwon matar wani ɗan kasuwa mai suna Peter Harf ne ya haifar da irin wannan rajista mai suna DKMS a 1991. Tamu ta Najeriya an buɗe ta a Enugu a 2012, bisa fafutukar Seun Adebiyi da ya yi fama da kansar jini, shekara guda bayan dashen ɓargo na farko a ƙasar nan, wanda aka yi wa wani yaro mai sikila a birnin Benin na jihar Edo.

Dole ce ke sa iyalai yekuwa. Ko shaƙiƙinka, damar ɓargonku ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Dacewar kuma tsatso take bi, ga shi baƙar fata kaɗan ne a rajistocin Turai.

Shi ya sa a Abuja kake ganin hoton yaro yana zagaya WhatsApp, yana kwance ana masa ƙarin ruwa, gashin kansa ya zube. Ba na ganin laifin iyayensa ko kaɗan. Sai dai mai ɗan'uwa ɗan jarida ko ɗimbin mabiya a Facebook shi ake ji, uwar da ta taso daga ƙauyen Kuje kuwa ba ta da mai yaɗa mata. Hoton kuma ba ya gogewa. Yarinyar da aka tallata ciwonta tana shekara 6 za ta tarar da shi lokacin aurenta, ba a taɓa neman yardarta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda tausayi ya ja ya yi rajista. An shafa masa auduga a cikin kumatu don gwajin dacewa, ya tafi yana zaton don wannan yaron ne kaɗai. Alhali sunansa ya shiga ne don duk wanda ya dace da shi, ko bayan shekaru, ko a wata ƙasa. In aka kira shi ya janye bayan an riga an kashe ɓargon majinyaci da magani don shirin dashe, ana iya rasa rai. Masu yekuwa su riƙa faɗa wa mutane wannan ƙarara kafin su miƙa musu takardar sa hannu.