Wudwind: sakso ba kakaki ba ne

Tun da bidiyon masu busa sakso (saxophone, abin busa na Turawa) a wurin biki ya yawaita a Facebook da TikTok, kalmar Turanci "wudwind" ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shirye, suna fassara ta da "kayan busa na katako". Mai kallo ya dubi sakso yana ƙyalli, tagulla tun daga wuya har gindi, ya ce ina katakon? Wasu kuma sun hutar da kansu, suna ce masa kakakin Turawa. Wannan ta fi ɓata rai.

Wurin da sauti ke tashi shi ke raba kayan busa gida-gida. A kakaki, leɓen mai busa ne ke karkarwa. Sakso kuwa, wanda Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a Faransa a 1846, yana da ɗan harshen kara da ake ɗaure masa a baki, shi ke rawa idan iska ta bi, abin da ya sa shi cikin gidan wudwind ke nan. Ke nan algaita ce 'yar'uwarsa, sai dai ita harshenta biyu ne.

Harshen nan shi ne rabin sana'ar. Ana sayar da shi da lambar tauri, daga 1.5 zuwa 5, ɗan koyo yakan fara da 2 ko 2.5. Sai an jiƙa shi kafin busa, in ba haka ba ya riƙa tsuwa. In ya yi laushi da yawa, sautin sama ya shaƙe. In ya yi tauri, a ji iska na huci, muƙamuƙi ya gaji. In kuwa sautin ƙasa ya ƙi fita, a duba fatar da ke rufe ramuka, galibi ɗaya ce ke yoyo.

A duniyar kiɗan jaz, in an ce wane ɗan wudwind ne, sau da yawa ana nufin yana juya kayan busa fiye da ɗaya. Eric Dolphy na Amurka, wanda ya rasu a 1964, ya ƙware a sakso da babban kilarinet (abin busa mai harshen kara ɗaya irin na sakso) da sarewa. Aikin ba wasa ba ne: maɓallin babban yatsa a sakso hawa takwas yake ɗaga sauti, na kilarinet goma sha biyu, don haka yatsu sai sun sake karatu. Sarewa kuma ba ta da harshe sam, gefen rami ake hurawa, amma ita ma wudwind ce ko da azurfa aka ƙera ta.