Waiwaye: Shekara nawa ke nan da rubuta haƙƙin wanda aka kama a Najeriya?

Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan'uwansa zuwa caji ofis ya san yadda abin yake. An kama mutum da yammacin Juma'a, an jefa shi bayan kanta, an ce wa dangi su dawo Litinin domin mai binciken ba ya nan. A jikin bango an rubuta cewa beli kyauta ne, amma babu wanda ya zo da aljihu wayam. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka haka doka ta ce. Alhali Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 cewa ya yi a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Idan kuma aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Asalin wannan magana ya girmi 1999 nesa ba kusa ba, kuma ba Turawa ne suka fara kawo mana ita ba. Ɗaliban fiƙihu a zaurukan Kano, Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karanta wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi da ya daidaita masu jayayya a wajen zama da fuska da hukunci, don kada mai ƙarfi ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai daga adalci. Hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A mazhabar Malikiyya alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin cewa. Abin da Turawan Ingila ke jingina wa yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, cewa ba a ɗaure mutum sai ta hanyar doka, ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da ake yi a fada daban. A shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo Arewa, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna hannun En'e. 'Yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu: a kama mutum don ya yi lacca ba izini, ko a ce ya zagi sarki, a yi masa shari'a a yini ɗaya, a yi masa bulala ko a tura shi gidan yari. Lauya ba ya shiga waɗannan kotuna. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A wannan yanayi ne, a 1957, gwamnatin Birtaniya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Henry Willink don ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu kafin a ba da mulkin kai. Abin da yawancin masu ƙorafi suka nema shi ne a ba su jihohinsu. A rahotonsa na 1958 kwamitin ya ƙi wannan buƙata, ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a cikin tsarin mulki, kuma an ɗebo kalmomin ne kusan kai tsaye daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasashen Turai ta 1950. An sa su aiki a 1959, gab da zaɓen tarayya na watan Disamba, sannan suka zama babi guda a tsarin mulkin samun 'yanci na 1960. A daidai wannan lokaci gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samu rubutacciyar dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960. Duk da haka an bar wata kafa: tsarin mulkin ya yarda a ci gaba da hana lauya tsayawa a kotunan gargajiya, wato daidai wurin da talaka ya fi buƙatarsa. Sai daga 1967, a zamanin Hassan Usman Katsina, aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, sai kuma bayan tsarin mulkin 1979 kotu ta ce hana lauya ya saɓa wa doka.

Tun da wuri sabon babin ya fara nuna amfaninsa. A 1961 wata babbar kotu a Jihar Yamma ta soke hukuncin da kotun gargajiya ta yanke wa wata mata, a shari'ar Aoko da Fagbemi, saboda babu rubutacciyar dokar da ta ambaci laifin da aka kama ta da shi. Wannan ƙa'ida tana nan har yau a Sashe na 36.

Daga nan sai soja. A 1970 Kotun Ƙoli ta yi ƙarfin hali a shari'ar Lakanmi, ta ce gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum ta hanyar ambaton sunansa a cikin doka ba tare da shari'a ba. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Gowon ta fitar da Dokar Soja ta 28, ta rushe hukuncin, ta kuma haramta wa kotuna tuhumar dokokin soja. Wannan dabara ta rufe ƙofar kotu ita ce gadon da kowace gwamnatin soja ta ɗauka bayan haka.

Jamhuriya ta biyu ba ta daɗe ba, amma ta bar shari'o'i biyu da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani. A watan Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Ba a kira shi an tambaye shi ba, ba a nuna masa hujja ba. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta yanke a biya shi diyya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da cewa an zalunce shi. Ta biyun ta taso ne daga tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri a 1983. An kori wasu ɗalibai bayan binciken wani kwamiti da mataimakin shugaban jami'ar ya jagoranta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce korar ba ta halatta ba: wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙali a kan wanda yake zargi, kuma manyan laifuffuka irin su ƙone-ƙone aikin kotu ne. Ni a ganina wannan hukunci ya fi da yawa daga cikin manyan shari'o'in siyasa muhimmanci, domin ya shigo da haƙƙin a saurari mutum har cikin makaranta da ofis, inda mafi yawanmu ke haɗuwa da masu iko.

Kafin a kai ga wannan hukunci soja sun riga sun dawo. Dokar Soja ta 2 ta 1984 ta ba Shugaban Ma'aikatan Fadar Mulkin Soja, Tunde Idiagbon a lokacin, ikon ya sa hannu a tsare kowa na wata uku, a kuma sabunta, babu tuhuma, babu kotun da za ta tambaya. Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Wadda ta fi tayar da hankali ita ce Doka ta 20, wadda aka mayar da aikinta baya. A watan Afrilun 1985 aka harbe samari uku, Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape, saboda safarar miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin dokar da aka sa ta hau kan abin da ya faru kafin a yi ta. Tsarin mulkin 1979 ya hana a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda ake da shi a ranar da ya aikata laifin, amma a lokacin dokar soja ce a sama.

Dokar ta 2 ta rayu shekara 15, ta ratsa mulkin Babangida da na Abacha. A 1994 aka ƙara wata doka da ta hana kotu ko da cewa a kawo mata wanda ake tsare da shi ta gan shi. A 1995 kotun soja ta asiri ta yanke wa Shehu Musa 'Yar'aduwa hukuncin kisa, aka mayar da shi ɗauri, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disambar 1997. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas bayan shari'ar da ba ta da ɗaukaka ƙara. Sai a watan Mayun 1999 gwamnatin Abdulsalami Abubakar ta soke Dokar ta 2 a kan hanyarta ta fita.

Daga 1999 zuwa yau, a takarda dai, an samu ci gaba na gaske. Babi na 4 na tsarin mulki, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan'adam daga Sashe na 33 zuwa na 46, ya dawo da ƙarfinsa. Sashe na 36 ya ce ana ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, a yi shari'arsa a fili, a ba shi lokacin shirya kariya, a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Ga mai jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci kaɗai, wannan magana ta tafinta ba ƙarama ba ce. A 2000 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Gani Fawehinmi ya kai gwamnatin Abacha, ta tabbatar cewa yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka doka ce a Najeriya. A 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Sakkwato ta wanke Safiya Husaini daga zargin zina, kuma cikin dalilanta har da cewa abin da ake zarginta da shi ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. A 2009 Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sauƙaƙa ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi, har ya zama wani na iya kai ƙara a madadin wanda ke tsare. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum saboda bashi ko rikicin ciniki, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata. A 2017 aka yi dokar haramta azabtarwa.

To ina gizo ke saƙar? Wuri biyu. Na farko, gwamnatin farar hula ta koyi cewa ba sai ta rufe kotu ba, ya isa ta yi kunnen uwar shegu da umarninta. Kotuna sun ba da belin Sambo Dasuki sau da dama, kotun ECOWAS ma ta ce a sake shi a 2016, amma bai fito ba sai a Disambar 2019. Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa a Disambar 2016, suka ci gaba da zama a tsare har zuwa Yulin 2021 da kotu a Kaduna ta sallame su. Ba sai mutum yana ƙaunar ko ɗaya daga cikinsu ba kafin ya ga haɗarin, domin waɗannan masu manyan lauyoyi ne.

Na biyu ya fi ciwo, don ba ya shiga labarai. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi ko kisa, sun san kotun ba ta da hurumin sauraron shari'ar. Majistare ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A takarda an cika sharaɗin kai shi kotu cikin kwana biyu. A zahiri fayil ya kwanta, an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, an ɗage zama, an sake ɗagewa, uwa ta sayar da akuya da gona har ta gaji. Dokar 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa zuwa kwana 14 da za a iya sabuntawa sau biyu kacal, amma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu zaman jiran shari'a ne, wasunsu sun wuce shekarun da za a ɗaure su ko da an same su da laifi. Hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ba ta da lauyoyin da za su wadaci ko rabin masu buƙata.

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 ƙasa ta ga wannan da idonta. An gurfanar da mutum 76 da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. Da yawansu yara ne da aka kwaso daga Arewa, sun shafe kusan wata uku a tsare, kuma kotu ce ta ba 'yan sanda izinin riƙe su na kwana 60 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. An sa belin yawancinsu naira miliyan 10 kowanne. Bayan hotunansu sun zagaye intanet, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar, aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna a fadar gwamnati.