Rayuwar fursunonin da Birtaniya ta kai Ostireliya (1788–1868)

Tsakanin 1788 da 1868 gwamnatin Birtaniya ta kwashe fursunoni kimanin 162,000 daga Ingila da Ireland da wasu yankunan mulkinta, ta kai su Ostireliya su yi wa'adin hukuncinsu. Kusan 25,000 daga cikinsu mata ne. A da Amurka ake jibge irin waɗannan mutane, amma yaƙin neman 'yancin da ya ɓarke can a 1775 ya toshe wannan hanya. Gidajen yari suka cika maƙil, har aka koma tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames. Daga nan hankali ya koma ga gaɓar da Kyaftin James Cook ya ziyarta a 1770.

Ayarin farko, jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip, ya tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 da fursunoni sama da 700, ya yada zango a Sidni ranar 26 ga Janairu 1788. Ayari na biyu, na 1790, shi ya fi muni. 'Yan kwangilar da aka ba jigilar ana biyansu ne bisa yawan waɗanda suka ɗauka, ko sun isa da rai ko ba su isa ba, saboda haka wajen kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu a hanya. Daga baya aka riƙa sa likita a kowane jirgi, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Yawancinsu ba manyan masu laifi ba ne, domin mai kisan kai a zamanin rataye shi ake yi. Ɓarayin tufafi ne da na tumaki da 'yan sane da masu karɓar kayan sata. Akwai kuma 'yan siyasa: 'yan tawayen Ireland, da leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle da aka kora a 1834 saboda rantsuwar da suka yi wajen kafa ƙungiyar ƙwadago. Hukuncin yakan kasance shekara 7, ko 14, ko ɗaurin rai da rai.

Abin da ya bambanta wannan tsari da kurkuku shi ne mafi yawan ɗaurarrun ba a bayan katanga suka rayu ba. Sabuwar ƙasa tana bukatar hannaye, sai aka raba su kashi biyu. Wasu gwamnati ta riƙe suna fasa dutse, suna yin bulo, suna sare daji da shimfiɗa hanyoyi. Sauran aka rarraba su ga baƙin da suka zo da kansu, su yi musu noma, kiwon tumaki ko aikin gida, ubangida kuwa ya ciyar da su ya tufatar. A nan ne sa'a ke aiki. Wanda ya faɗa hannun mai tausayi, musamman in yana da sana'a kamar kafinta ko maƙeri, yakan ci ya ƙoshi, wani lokaci fiye da yadda yake ci a Ingila. Wanda ya faɗa hannun mugu kuwa, ƙara ɗaya gaban majistare kan lalaci ko rashin kunya ta isa a zane shi da bulala mai harshe tara, hamsin ko fiye. Majistaren ma sau da yawa manomi ne mai nasa fursunonin.

Masu taurin kai ana sa musu mari a ƙafa a tura su aikin hanya. In abin ya ci tura sai a kai su wuraren horo na musamman: Macquarie Harbour, tsibirin Norfolk, ko Port Arthur a Tasmaniya, wadda a lokacin ake kira Van Diemen's Land. Siririyar hanyar da ta haɗa yankin Port Arthur da sauran tsibirin Tasmaniya, karnuka aka jera a kanta cikin sarƙa. Daga baya aka gina sashen kaɗaici inda aka hana magana, ake rufe wa mutum fuska in zai fita ɗaki. An yi shi da sunan gyaran hali, amma ya haukata mutane da dama. Yara maza suna da nasu gidan a Point Puer.

Mata sun sha wuya iri biyu. Wadda ba a ba ta gidan aiki ba, ko ta yi ciki, ko ubangida ya dawo da ita, ana kai ta gidan tsare mata irin na Parramatta ko na Cascades a Hobart, ta yi kaɗi da saƙa da wanki. Aske kai na daga cikin horon da suka fi tsana. Jarirai da yawa sun mutu a Cascades.

Duk da haka akwai ƙofar fita. Mai kyakkyawan hali yakan sami takardar sassauci, wani irin ɗaurin talala: ya yi aikin kansa ya karɓi lada, amma ba ya barin gundumarsa, kuma dole ya riƙa bayyana gaban hukuma. Gaba da wannan akwai afuwa mai sharaɗin kada ya koma Birtaniya, sai cikakkiyar afuwa. Gwamna Lachlan Macquarie, wanda ya yi mulki daga 1810 zuwa 1821, ya ɗaga darajar 'yantattun fursunoni har manyan baƙi suka ji haushi. Shi ya ɗauki Francis Greenway, wanda aka kora saboda takardar jabu, ya zana barikin Hyde Park a Sidni. Mary Reibey, da aka kawo tana yarinya kan satar doki, ta zama attajira, hotonta yana kan takardar dala 20 ta Ostireliya a yau. Kaɗan ne suka koma gida, kuɗin jirgi ya fi ƙarfin yawancinsu.

Gonakin da suka share da makiyayar da suka tsare ƙasar 'yan asalin nahiyar ce da aka ƙwace, kuma fursunoni makiyaya suna cikin waɗanda suka yi artabu da su a bakin daji, an kashe wasunsu, su ma sun kashe.

An daina kai fursunoni New South Wales, yankin da Sidni take, a 1840, Tasmaniya a 1853. Baƙi sun gaji da tsarin, kuma bayan gano zinariya a 1851 kai mutum Ostireliya kyauta ya daina zama abin tsoro. Yammacin Ostireliya, da ta nemi a kawo mata su daga 1850 saboda ƙarancin ma'aikata, ita ta karɓi jirgi na ƙarshe, Hougoumont, a Fremantle cikin Janairun 1868. Jikoki sun daɗe suna ɓoye wannan asali, yanzu kuwa da yawa alfahari suke da shi. A 2010 UNESCO ta sa wurare 11 na zamanin cikin jerin kayan tarihin duniya.